Arlit: Abin Riƙewa Da Abin Rabuwa Cikin Kayan Gida

Arlit gari ne a arewacin jihar Agadas, cikin hamada, yamma da duwatsun Abzin. Mai zuwa daga kudu yakan tashi daga Tawa, ya bi ta Abalak, ya sauka Agadas. Daga Agadas kuma saura kilomita wajen 240. Hanyar gaba ɗaya ta fi kilomita 600. An yi mata kwalta tsakanin 1976 da 1980. Ana ce mata hanyar uraniyom, gama saboda shi aka yi ta.

Tun wajen Abalak gonakin gero suke ƙarewa, a shiga ƙasar kiwo. Bayan Agadas kuwa sai tsakuwa da rairayi, sai ƴan itatuwa a bakin ƙorama, sai raƙuma nan da can. Matafiyi zai ga turakun wutar lantarki sun miƙa arewa. Wutar tana fitowa ne daga Anu Araren, kusa da Cirozerin, inda kamfanin Sonichar yake ƙona gawayin ƙasa tun 1981. Ita ce ke juya injunan Arlit.

Kafin a ga gidajen garin, sai an fara hango waɗansu tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai. Baƙo zai ce duwatsu ne. A'a, hannun mutum ne ya tara su. Ƙasa ce da dutse da aka tono daga ramin ma'adini shekara da shekaru.

Gari biyu, kamfani biyu

Shekara sittin da suka wuce babu gari a nan. Wurin kiwo ne na Buzaye. Da aka gano uraniyom sai aka kafa kamfanin Somair a 1968, aka fara gina Arlit a 1969, aiki ya kankama a 1971. Somair a fili take haƙa, ramuka ne manya-manya a buɗe. A 1974 aka kafa kamfani na biyu, Cominak, ya fara fid da ma'adini a 1978. Shi kuwa a ƙarƙashin ƙasa ya yi aiki, a wani wuri mai suna Akuta, zurfin mita 250. Domin ma'aikatansa aka gina Akokan, ƴan kilomita kaɗan daga Arlit. Har zuwa 2025 babban mai jari a kamfanonin biyu wani kamfanin Faransa ne, wanda sunansa ya yi ta sauyawa: Cogema, sannan Areva, sannan Orano.

Uraniyom wani irin ƙarfe ne da ake samar da wutar lantarki da shi a manyan tashoshi na Faransa da waɗansu ƙasashe. Ba ya zuwa dunƙule. A tan ɗaya na dutse, wato kilo 1,000, abin da ake samu kilo 2 ne zuwa 4. Sai a niƙa dutsen, a jiƙa shi da ruwan asid, a tace, a samu wani gari rawaya, a ɗura a tano. Sauran tarin duka a Arlit yake zama.

Da aiki ya buɗe, mutane suka kwararo daga Adar, da Gobir, da Damagaram, da ƙasar Zabarma, har da ƙasashen maƙwabta. A shekarun 1970 kuɗi ya zauna a garin, har ana kiransa Faris ta biyu. Ma'aikatan kamfani suna da unguwanninsu, da ruwa da wuta da asibiti. Waɗanda ba su sami aikin kamfani ba suka kafa nasu unguwanni a gefe. Har yau akwai unguwa mai suna Bukoki, sunan da ya fito daga bukkokin farko. A ƙidayar 2012 mutanen garin Arlit sun kai kusan 80,000.

Dauɗar da ido ba ya gani

Kowane manomi ya san fumfuna. In damina ta shiga rumbu, gero ya yi baƙi, gyaɗa ta yi kore, tabarma ta yi wari. Maigida ya duba da ido, ya sansana da hanci, ya ware mai kyau, ya shanya abin shanyawa, ya ƙona abin da ya lalace. Ido da hanci da rana da wuta sun ishe shi yanke shawara.

A Arlit ruwan sama kaɗan ne ƙwarai, fumfuna ba ta da wurin zama. Amma akwai wata dauɗar da ta fi ta wuyar sha'ani. Dutsen uraniyom yana fid da wani tururi. An ce masa tururi ne don rashin wata kalma, amma ba hayaƙi ba ne. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba a jin zafinsa a fata. Yana ratsa tufafi, yana ratsa jiki. In ya yi yawa kuma aka daɗe ana shansa, yana iya jawo ciwon daji.

Cikin dutsen akwai wani abokin zaman uraniyom mai suna radiyom. Kamfani ba ya bukatarsa, saboda haka yakan saura cikin dusar dutsen da aka tace. Shi ya sa kusan kashi 80 cikin 100 na tururin yake nan cikin tarin da aka bari. Radiyom ba ya gajiya da wuri. Sai bayan shekara 1,600 ƙarfinsa yake raguwa da rabi. Daga Hijira zuwa yau ma ba a cika wannan adadi ba.

Radiyom kuma yana sakin wata iska mai suna radon. A fili iska takan kwashe ta. A ɗaki rufaffe sai ta taru, masu barci su yi ta shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan taba, radon yana cikin manyan abubuwan da ke kawo ciwon daji na huhu. Wanda ya haɗa su biyu, taba da radon, haɗarinsa ya ninka.

Rana ba ta kashe wannan dauɗa. Wuta ba ta kashe ta. Tafasa ruwa ba ya fid da ita. Na'urar awo ce kaɗai ke nuna ta. Ƴar ƙarama ce, ana riƙe ta a hannu. In an kai ta kusa da abu mai tururi sai ta shiga ƙara ƙyas-ƙyas, lamba ta hau.

Yadda ƙarfen kamfani ya shiga gidaje

Mai zagaya kasuwar Arlit zai iske wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa. Ga bututu, ga tano, ga kwanon rufi, ga guntayen injuna. Kusa da su ga maƙera suna ta aiki.

Dalilin wannan ciniki a fili yake. A ƙasar babu giginya balle a sami azara. Katako da siminti daga nesa suke zuwa, da tsada. Kamfani kuwa kullum yana sauya kayan da suka tsufa. Shekara da shekaru ƙarfen nan ya riƙa fitowa ta hanyoyi dabam-dabam yana shiga gari. Bututu ya zama azara. Faifan ƙarfe ya zama ƙyaure. Waɗansu ƙarafan maƙera suka mai da su kayan girki. Har ƙyallen da ake tace ruwan ma'adini da shi ya shiga gidaje, don yana da kauri da ƙarko. Dutsen da aka tono daga rami kuma aka yi cikon hanyoyi da shi. Talaka bai yi laifi ba. Ya ga abu mai araha da ƙarfi, ba wanda ya gaya masa abin da ke ciki.

Ba kowane ƙarfe ba ne mai cuta. Wanda ake tsoro shi ne wanda ya yi aiki cikin masana'anta, inda ruwan asid da niƙaƙƙen dutse suke bi. A cikin irin wannan bututu wani ɓawo yakan kama, kamar yadda ƙanzo ke kama gindin tukunya. A cikin ɓawon nan radiyom yake taruwa.

Tsofaffin ma'aikata kuma sun sha ba da labari cewa a shekarun farko da tufafin aiki suke komawa gida. Mata su wanke, yara su yi wasa a kusa. Ta nan ma ƙura ta shiga ɗakuna.

Abin da awo ya nuna

A farkon shekarun 2000 waɗansu mutanen Arlit suka kafa ƙungiya mai suna Aghirin'man. Da Buzanci ma'anar sunan ita ce garkuwar rai. Shugabanta Almustafa Alhasan, shi kansa ma'aikacin ma'adini ne a lokacin. Ganin yawan rashin lafiya tsakanin abokan aiki, suka nemi a zo a auna.

A watan Disamba na 2003 masana daga CRIIRAD, wani ɗakin bincike mai zaman kansa na Faransa, suka zo Arlit. A kasuwa suka sami bututu mai ɓawon radiyom ana sayarwa. A 2007 aka auna titin da ke gaban asibitin Cominak a Akokan, aka iske tururin ya ninka na sauran wurare har sau 100. A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo. A wani titi na Akokan ta sami wurin da ya ninka kusan sau 500. Ta ce wanda ke zama a wurin ko da ƙasa da awa ɗaya kullum, zai wuce iyakar da doka ta yarda mutum ya sha a shekara. Cikin ruwan sha biyar da ta ɗiba a yankin Arlit, huɗu sun wuce ƙa'idar uraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya.

Kamfanin ya sha cewa abin da jama'ar gari ke sha bai wuce iyakar doka ba. Duk da haka, bayan awon nan an kwashe ƙasar waɗansu tituna, an kuma shiga bin unguwanni ana auna hanyoyi da gidaje. An sami gidajen da bangonsu ko daɓensu yake da tururi. A 2011 aka kafa wata cibiya mai suna OSRA domin duba lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas.

Tun daga lokacin magidanta da yawa suka shiga tunani. Mutum ya kwanta ciwon ƙirji, ya tashi, ya dubi ɗakinsa. Ga gadon da ya yi shekara ashirin a kai. Ga tukunyar uwargida. Ga ƙyauren da ya kafa da hannunsa. Wanne zai riƙe, wanne zai fitar?

Kaya kashi uku ne

Tambayar farko ba ita ce ko abu yana da kyau ba. Tambayar ita ce: daga ina ya fito? In an bi wannan, kayan gida sun kasu uku.

Kashi na ɗaya, abin riƙewa. Duk abin da bai taɓa shiga wurin aikin ma'adini ba, ba shi da laifi. Ƙwarya, turmi, tasa da kwanon da aka saya sababbi, akwatin aure, sirdin raƙumi, Alƙur'ani da allo, duk a riƙe su. Tururi ba ya yaɗuwa kamar fumfuna. Tasar da ta kwana kusa da mugun bututu ba ta zama muguwa ba. Abin da zai hau kanta ƙura ce kawai, ƙura kuwa tana wankuwa. A wanke da ruwa da sabulu. A goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kafin shara a yayyafa ruwa, kada ƙura ta tashi. Haka kuma marar lafiya ba ya shafa wa kowa wannan ciwo. Kada a guje shi, kada a ware masa kwano.

Akwai wani abin riƙewa da ya fi gado da katifa daraja, shi ne takarda. Takardar ɗauka aiki, da takardun albashi, da katin asibiti, da hoton ƙirji, a adana su cikin leda a akwati. Ciwon da tururi ke kawowa yakan ɗauki shekara 10 ko 20 ko fiye kafin ya bayyana. Ran da za a nemi magani ko hakki, takardar ce za ta nuna inda mutum ya yi aiki da shekarun da ya yi. Ko maigida ya rasu, kada iyali su zubar.

Kashi na biyu, abin aunawa. Wannan shi ne duk ƙarfen da aka saya tsoho ba a san asalinsa ba: azarar bututu, ƙyaure, gadon ƙarfe, tanon ruwa, murhu, tukunyar da aka ƙera a gari. Haka bango da daɓen da aka yi da ƙasa ko tsakuwar da aka ɗebo kusa da wurin kamfani. A nan ba a yanke hukunci da ka. Sai a kai magana ofishin magajin gari, ko ofishin ma'adinai, ko wajen ƴan ƙungiya, a nemi masu na'ura su zo. Da yawa cikin kayan nan awo zai wanke su, mai su ya huta da zullumi.

Kafin masu awo su zo akwai abin yi. A daina dafa abinci ko ajiye ruwan sha a abin da ake shakka. Abin da ke ɗaukuwa a fitar da shi daga ɗakin kwana, a kai ƙarshen gida inda yara ba sa wasa. Nisa magani ne: in abu ƙarami ne, aka ninka nisan da ke tsakani sau biyu, tururin da ke iso mutum ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ɗaki kuma a riƙa buɗe ƙofa da taga, iska ta ratsa, radon ya fita.

Kashi na uku, abin rabuwa. Duk abin da na'ura ta kama. Duk bututun da aka san daga masana'anta ya fito, musamman mai ɓawo a ciki. Ƙyallen tacewa na kamfani, ko an mai da shi shimfiɗa, ko labule, ko rufin rumfa. Tsofaffin tufafin aiki da takalman rami da aka ajiye don tunawa. Waɗannan ba a yi musu dabara. Kankare ɓawon yana ta da ƙurar da ta fi kome haɗari, ta shiga huhu. Shafa fenti ba ya tare tururi. Narkarwa ba ta kashe shi, sai dai ta raba shi cikin hayaƙi da toka da kashin maƙera, maƙeri da yaransa su fara shaƙa.

Rabuwa ba zubarwa ba ce

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Wani ya gane ƙyaurensa ba shi da kyau, sai ya kai kasuwa ya sayar. Wani ya ba ɗan'uwa kyauta. Wani ya jefa a juji, kafin magariba yara masu tsintar ƙarfe sun ɗauke. Wani ya binne a bayan gida, bayan shekara biyar wani ya zo ya haƙa wurin ya yi tubali. Duk waɗannan ba su kau da cuta ba, sun sauya mata gida ne kawai. Abin da mutum ba ya so a ɗakin ƴaƴansa, bai kamata ya tura ɗakin ƴaƴan wani ba.

Wurin da ya dace da irin kayan nan guda ne: su koma inda suka fito, cikin shingen kamfani, a haɗa su da sauran tarin da ake tsaro. Mai kaya ya nemi a rubuta abin da aka karɓa, da ranar, a ba shi takarda.

Faɗi yana da sauƙi, yi ne da wuya. Wanda aka ce ya cire bututu shida da ke riƙe da rufin ɗakinsa, an ce ya kwana a fili ke nan. Matar da tukunyarta ɗaya ce, in an karɓe, da me za ta yi tuwo? Shi ya sa waɗansu suke ɓoye kaya in sun ji masu awo suna tafe. Ba taurin kai ba ne, rashi ne. Maganar gaskiya ita ce, karɓa ba ta tafiya sai da musanya. Wanda ƙarfen ya fito daga hannunsa, shi ya kamata ya ɗauki nauyin awo da kwashewa da mayar da madadi. Unguwar da ta haɗa kai ta rubuta sunayen gidaje da kayan da ake shakka, ta kai ga hukuma da murya ɗaya, ta fi mutum guda samun biyan bukata.

Wanda ke ciwo kuma kada ya tsaya ga fitar da kaya. Ba kowane tari ba ne na uraniyom. Akwai tarin fuka, akwai na ƙura, akwai na taba. Tarin da ya wuce mako 2, ko aka ga jini, ko rama ta yi yawa, sai asibiti. In tarin fuka ne yana da magani, yana warkewa.

Zancen bai tsaya a Arlit ba

Ran 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, bayan ta fid da uraniyom tan 75,000. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan ƴan kwangila. Ta bar tarin dusar dutse kimanin tan miliyan 20 kusa da Akokan. Shirin da aka yi shi ne a rufe tarin da yumɓu da dutse, kaurin mita 2. A watan Yuni na 2025 kuma gwamnatin Nijar ta mai da Somair hannun ƙasa. Masu kamfani suna sauyawa, amma bututun da ke rufin ɗaki yana nan inda yake.

Ma'aikacin da ya bar aiki yakan koma garinsu da kayansa a mota. Tsohon ƙarfe kuma kayan fatauci ne, yana bin hanya zuwa kudu. Saboda haka manomin Madawa ko na Tasawa ma zancen ya shafe shi. In ɗan'uwa ya komo daga Arlit da tano ko bututu, a yi masa barka da zuwa, sannan a tambayi asalin kayan. Mai sayen tsohon ƙarfe don amalanke, ko garma, ko ƙofar rumbu, ya tambayi mai sayarwa daga ina ya ɗauko.

Makiyayi kuma ya kula da abu uku. Kada ya yi komin shayar da dabbobi da tano ko bututun da ya tsinta kusa da wurin ma'adini. Kada ya bar bisashe su sha ruwan da ya kwanta a gindin tarin ƙasar kamfani. Kada ya kafa tanti ko ya ɗebi duwatsun murhu a jikin tuddan nan, ko da sun tare iska. Abin da akuya ta sha yana iya biyo nono ya iso ga yaro.

Malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan tare da ɗalibansu, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kowane magidanci ya zagaya gidansa, ya ware kayansa kashi ukun nan, ya rubuta na biyu da na uku a takarda, ya kai ga mai unguwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tsare masu lafiya.